Jam da Katin Suruki

Ku yaran layinmu na Dogo Nini, musamman ke Zara ƙanwata da ƙawarki Yagana mai kunnen zomo, na ji labarin rabon gadon da kuke yi mini tun ban mutu ba. Wai da zarar na tafi makarantar koyon jinya, ɗayarku za ta gaji kujerata a asibiti, tunda aikina, ni Adama Rediyo, zama ne da surutu, kuma surutu kun iya shi tun kuna goye. To ku matso. Shekarata goma sha bakwai, uku daga ciki na yi su ina tafinta, wanda a wannan sana'a ya isa mutum ya yi furfura a harshe. Zan gaya muku abin da ban taɓa faɗa a gida ba, kuma duk wadda ta kai wa Baba sai na fassara mata mari da yare biyar.

Ƙaramin asibiti ne a Bolewa, ɗaki huɗu da baranda. Sista Ngozi ce ke duba marasa lafiya. Ta daɗe a Potiskum har tana cin miyar kuka fiye da ni, tana kuma jin Hausa ras. Matsalar tsofaffin ƙauye ce, musamman mata. Hausarsu ta kasuwa ce: ta isa a sayar da nono ko wake, ba ta isa a kwatanta ciwo ba. A nan ake neman irina. Bolanci na samo shi wajen Baba, Fillanci wajen Inna, Barbarci kuwa ta kan katanga ya shigo mini, don maƙwabtanmu ba sa faɗa a ɓoye. Ngizimanci da Karekare na tsinta a makaranta, na fara da zagi kamar yadda kowane ɗalibi nagari yake farawa.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Iya Gambo, Bakarekariya, mai sharar asibitin. A takarda mai shara ce. A gaskiya in ba ta zo ba, rabin marasa lafiya da ciwonsu suke komawa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana jin yare shida, kuma tana iya yin shiru da dukkansu, abin da ni har yau ban iya da ko ɗaya ba. Ta tsince ni ne ranar da na raka Inna awo, ta ji ina sasanta wata Bafulatana da mai keke Napep a bakin ƙofa, ina ƙara wa kowane ɓangare yaji don faɗan ya yi armashi. Ta ce wa Inna yarinyar nan bakinta ya yi mata yawa, a ba ta aronta bayan makaranta, ko a samu a yi wani abin kirki da ragowar.

A lokacin ina da wani littafi da nake tara gajerun kalmomi a ciki, irin waɗanda ke yawo daga yare zuwa yare kamar akuyar da ba ta da gida. Akwai "ba". A Hausa da ita ake bayarwa, da ita kuma ake hanawa. A Barbarci ita ce babu, ita ce kuma girmamawar da ake sa wa dattijo gaban suna. Akwai "use", da dangin Baba ke gaisuwa da ita, dangin Inna kuma suna godiya da 'yar'uwarta, alhali Barebari na rantsuwa tasu ce, "wushe", aro aka yi ba a mayar ba. Amma sarauniyar littafin ita ce "jam". A bakin Inna lafiya ce. A firijin Sista wani jan abu ne mai zaƙi a kwalba da ake shafa wa burodi, wanda na ɗanɗana sau ɗaya da izini, sau tara babu. A bakin direbobin tasha, in mota ta yi jam da mutum, sai a nemo mai ɗori. Malamin Islamiyyarmu kuma ya ce a Larabci tarawa ce, daga nan sallar jam'i ta fito. Na kai wa Iya wannan bincike ina jiran yabo, na ce mata kalma ɗaya ce ta zaga duniya. Ta ci gaba da matse tsumma, ta ce ba kalma ɗaya ba ce, baƙi huɗu ne suka sayi yadi iri ɗaya, ba su haɗa kaka ba. Ta ce in kalma ta zo mini, in fara tambayar daga gidan wa ta fito, kuma a gaban wa aka faɗe ta. Na rubuta rabin farko a littafi. Rabi na biyun na bar shi, don bai yi mini kama da ilimi ba.

Aikina na farko wani tsoho ne Bangizime mai ciwon haƙori. Abin da ya ce bai fi haka ba: haƙorin na ciwo in ya sha ruwan sanyi. Ni kuwa na ga wannan ya yi wa ranar farko kaɗan, sai na gaya wa Sista ciwon na tashi daga haƙori ya hau ƙwaƙwalwa, ya sauko ta ƙeya, ya kwana a ƙugu. Sista ta ajiye biro, ta fara maganar tura shi babban asibiti a ɗauki hoton kansa. Tsohon da ya ga fuskarta ya canza sai ya fara salati. Iya tana goge taga, ko juyowa ba ta yi ba, ta maimaita ainihin maganarsa cikin kalma bakwai. Bayan an cire haƙorin ta kai ni bayan tankin ruwa, ta murɗe mini kunne har na ji tashoshi uku a lokaci guda, ta kafa mini doka biyu. Tafinta ba ya sa gishiri, ba ya tsame ƙashi. Sannan tafinta ba ya cewa "ta ce" ko "ya ce". In mara lafiya ya ce cikina na ciwo, ni ma in ce cikina na ciwo, don in na ari bakin mutum sai in are shi duka.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Akwai kujera 'yar tsugune, da ake ajiyewa ƙasa da gadon mara lafiya, don tsohuwa ba ta faɗa wa wanda ke tsaye a kanta gaskiya. Akwai labule. Sai babban makami, wani tsohon kati ruwan ɗorawa da ba a rubuta komai a kansa ba, wanda muke kira katin suruki. Kun san dai mace mai kunya ba ta ambaton ciwon da ke ƙarƙashin zane a gaban mijin 'yarta, ko ɗanta na fari, ko da zai kashe ta. Kuma ba a ce wa mutumin da ya ɗauko ta tun daga ruga ya fita, an ci mutuncinsa ke nan. To sai a miƙa masa katin da hannu biyu, a ce: Malam, a taimaka a kai wannan ɗakin ƙarshe. A ɗakin ƙarshe akwai Ba Bukar mai ba da kati, Babarbare mai bakin tsiya. Da ya ga ruwan ɗorawa ya san aikinsa. In Bafulatani ne, sai ya ce ga bawana ya zo gaishe ni, ya ba shi benci, su shiga wasan Barebari da Fulani, wa ya fi wa wayo, wa ya sayar da wa. In wani ne, sai farashin shanu a kasuwar Laraba. Kwata guda, wato minti goma sha biyar, yake riƙe mutum. A cikin wannan kwatar ake jin ciwon gaske. Na sha ganin matar da ta shigo da ciwon kai ta fita da maganin abin da ke da nisan kamu uku daga kai.

Daminar bara waccan ita ce mummunar shekararmu. Ruwa ya kwanta a unguwanni, sauro ya yi ƙiba har ana iya yin layya da shi, zazzaɓi ya cika gari. Layi na farawa daga baranda ya fita titi ya karya kwana. Ana cikin haka aka yi wa Iya aikin yanar ido, aka ce ta zauna a gida mako uku. Ranar da za ta tafi ta sa mini katin a aljihun hagu da hannunta. Ni kaɗai na rage, kuma na yi sauri irin wanda ba a taɓa gani ba. Kafin mara lafiya ya rufe baki na gama fassara, wani lokacin ma kafin ya buɗe. A rana ta huɗu Sista ta share gumi ta ce, "Rediyo, kin fi Iya sauri." Wannan magana ta shige ni kamar allura. Na daina zama a kan kujerar, don tsugunawa da tashi ɓata lokaci ne. Na fara ƙirga mutum nawa na sallama kafin la'asar, ina shirin in yi wa Iya gori in ta dawo.

Ranar wata Laraba aka shigo da Dada Shatu daga wata ruga can bayan Damagum. Doguwar tsohuwa ce, siririya, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike. Tare da ita akwai 'yarta Hajjo, da mijin Hajjo, Buba, mutumin kirki mai hular malfa, wanda ya bar cinikin shanunsa ya kawo su. Buba na jin Hausa, shi ya fara bayani: zazzaɓi ne, kwana biyar ba ta cin abinci. Na gaishe ta da Fillanci a tsaye, ta ce jam. Na ce yaya jiki, ta ce jam. Na ce ina ke ciwo, ta dubi ƙasa ta ce jam dai, sai ɗan zafin jiki.

Kada ku ce ban gane ba. Da Fillanci aka yaye ni. Na san jam ɗin gaisuwa ba amsa ba ce, ko gawa aka gaisar jam za ta ce. Na ga yadda ta zauna a gefe ɗaya na gadon, ƙafar dama a miƙe. Na ga Buba tsaye a ƙofa yana kallon silin don kunyar surukarsa, ita kuma ta juya masa ƙeya don kunyarsa. Sannan Hajjo ta miƙo hannu ta ja gefen hijabina, ta dubi mijinta, ta dubi ƙofa, ta sake dubana. Ko jaririn wata uku ya san abin da take nufi. Katin na aljihuna, ina jin kaifin gefensa a cinyata. Amma a baranda akwai mutum fiye da talatin, kwata guda kuma mutum biyar ne a sabon lissafina. Na cire hannun Hajjo daga hijabina a hankali, har da murmushi, na juya na ce wa Sista, "Lafiyata lau, zazzaɓi ne kawai." Sista ta gwada jini, ta ga akwai na cizon sauro kamar kowa a wannan damina, ta rubuta magani. Na kira na gaba. Ranar na sallami mutum mafi yawa a tarihina, na dawo gida na ci tuwo malmala uku, ke Zara har kina tambaya ko biki aka yi.

Bayan kwana goma sha biyu suka dawo. Iya ta koma aiki a ranar, da baƙin tabarau kamar 'yar fim. Wannan karon Dada ba da ƙafarta ta shigo ba, a tabarma aka ɗauko ta daga bayan akori-kura, kuma wari ya riga ta shiga ɗakin. Iya ta dubi tsohuwar, ta dubi Buba, sai ta miƙo mini tafin hannu. Na zaro katin. Ta karɓa, ta ba Buba da hannu biyu, ya tafi. Ta ja labule, ta jawo kujerar da ƙafa daga ƙarƙashin tebur inda na tura ta, ta busa ƙurar da ke kai, ta zauna. Ta yi gaisuwa doguwa kamar babu wanda ke jira a duniya. Sai Hajjo ta ɗaga zanen.

Saniya ce ta soki Dada da ƙaho wajen tatsa, can sama a cinyar dama, tun kafin zuwansu na farko. An cusa ganye an ɗaure da tsumma. Ba zan kwatanta muku ba, don yau akwai cin abinci. Sista, wadda na sha gani tana ɗinke mutum tana ba da labarin cocinsu, ta ja da baya ta dafa bango. Ta ce a nemo mota zuwa babban asibiti yanzu, kuma ba ta yi alkawarin za a dawo da ƙafar ba. Tana wanke abin da zai wanku, ta ce a tambaye su don me ba su faɗa ba wancan zuwan, da wanki da allura sun isa.

Na dubi Iya, don ita ce a kan kujera. Iya ta tashi, ta tura mini kujerar.

"Wadda ta fara ita za ta ƙarasa," in ji ta.

Na zauna, na yi tambayar. Hajjo ta amsa ba tare da ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni ba. Jimla uku ce. A wannan ɗaki mutum biyu ne kaɗai ke jin yarukan biyu, kuma ɗayarsu ta juya baya tana wanke hannu a kwano, kamar ba ta nan. Ina iya cewa hanya ce ta yi nisa. Ina iya cewa kunya ce ta hana, kuma ba ƙarya ba ne. Na buɗe baki da niyyar tsame ƙashin, sai na ji ruwan kwanon ya daina motsi.

Na ce, "Na ja hijabin yarinyar nan don a fitar da mijina. Ta gan ni, ta gane. Ta cire hannuna."

Sista ta tsaya da auduga a hannu. Ta tambaya wace yarinya. Wannan ba fassara ba ce, tawa ce, na ce ni. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi, don na san zagi a yare biyar kuma babu wanda ke kwana a jikina. Kallona kawai ta yi, ta koma kan aikinta.

Sai Dada ta yi magana daga kan gado, murya can ƙasa. Na yi shiru. Iya ta ce ba ta ji an fassara ba. Na ce wannan ba ta ciwo ba ce. Ta ce doka ba ta ce a zaɓa ba. Haka na buɗe wannan bakin nawa da ake ji daga Dogo Nini har tasha, da ƙyar ya fito, na ce, "Ku bar yarinya. Ta gaishe ni da yaren uwata, na ji daɗi. Ni ce ban faɗa ba."

Duk fassarar da na yi a shekara uku, babu wadda ta kai wannan nauyi.

Wata biyu Dada ta yi a babban asibiti. Ba a yanke ƙafar ba, alhamdu lillahi, amma an yanke nama da yawa, gwiwar kuma ta ƙage. Ba a kore ni ba, ko da yake na so a kore ni. Iya ta ce kora hutu ce. Abin da ta yi shi ne ta mayar da ni farko: mako shida ina zaune a ƙasa kusa da kujerarta, ba ni da izinin cewa komai sai kai kati ɗakin ƙarshe in an rasa wanda za a aika. Ba Bukar, da ya gan ni da ruwan ɗorawa a hannu, sai ya ba ni benci ya riƙe ni kwata guda cur kamar kowane suruki, yana tambayata farashin bijimi. Littafin kalmomin kuwa yana nan. A ƙarƙashin shafin jam na ƙara rabin maganar Iya da na bari.

Da rani Dada ta dawo a duba ta. Tun daga baranda na ji ƙwas, ƙwas, na sandar da ba ta da ita a da. Buba na biye. Kafin in gama zaro katin ya miƙo hannu yana murmushi, ya ce ya san hanya, kuma yau sai ya rama abin da Babarbaren nan ya yi masa. Ashe ya daɗe da gane katin babu rubutu. Na ja labule, na zauna a kan kujerar. Na ce yaya hanya, ta ce jam. Yaya shanu, jam. Yaya su Hajjo da yara, jam. Yaya ƙafa, jam. Na yi shiru. Na ji ana tari a baranda, na ji wani na tambaya ko likitar ta mutu ne, harshena na ƙaiƙayi kamar na ci gwaza ɗanye, na danne shi da haƙori. Can, tana murza bakin zanenta, ta ce ƙafar ba ta ciwo sosai. Tatsa ce dai ta bar wa Hajjo, don ba ta iya tsuguno.  Sannan ta ce abu ɗaya take so a tambayi likita: tun da ta tashi goshinta bai taɓa ƙasa ba, a zaune take salla, ko akwai maganin da zai sa gwiwar ta lanƙwasu ko sau ɗaya kafin ta mutu.

Na faɗa wa Sista da bakin Dada, ban sa gishiri ba. Sista ta amsa, na mayar wa Dada da bakin Sista, ban tsame ƙashi ba: sai dai a gwada motsa jiki, amma da wuya. Dada ta gyaɗa kai, ta ce use, ta laluba sandarta.

To, Zara, Yagana, ga gadon da kuke rabawa. Wadda har yanzu take so ta zo ranar Asabar da safe, Iya na nan. Kada ki zo da yarukanki, ba su za a fara dubawa ba. Za a ba ki kujera ne a ce ki zauna kwata guda ba ki ce uffan ba, layi na zaginki a waje. In kin iya, zan sa miki katin da hannuna. A aljihun hagu ake ajiye shi, kuma gefensa na da kaifi, za ki riƙa jin sa.